Tambayoyi da Amsoshi kan Matsalar Girka Manhaja da Ɓacewar Ƙunshin Dogaro a Kwamfuta

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga irin abin da ɗaliban Jami'ar André Salifou, da masu shagunan buga takardu, da masu gyaran kwamfuta a nan Damagaram suke yawan cin karo da shi. Galibin amsoshin sun shafi Ubuntu da Debian da Linux Mint, tsare-tsaren Linux masu tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, domin dukkansu hanya ɗaya suke bi wajen girka manhaja, amma an keɓe wa Windows tambayarsa. Tunda yawancin kwamfutocinmu da Faransanci aka saita su, an kawo saƙonnin kuskure yadda suke fitowa a allon.

Mene ne ƙunshi, kuma me ya sa manhaja ɗaya take neman wasu kafin ta girku?

Ƙunshi fayil ne guda da ke ɗauke da manhaja tare da takardar bayaninta, kuma a dangin Debian sunansa yana ƙarewa da .deb. A cikin wannan bayani akwai sunan ƙunshin, da lambar sigarsa, da jerin sauran ƙunshe-ƙunshen da ba zai yi aiki ba sai da su. Waɗannan su ne ƙunshin dogaro. Mai fura ba ita ke tatsar nono ba, a wajen wasu take saye, kuma ranar da nono bai zo kasuwa ba furarta ba za ta damu ba. Haka VLC ba ta ɗauke da dukan abin da take buɗe bidiyo da shi, tana jingina ne da laburare, wato fayilolin aiki da manhajoji ke tarayya a kansu, kamar na FFmpeg da wasu da dama. Wanda ya rubuta `apt show vlc` a taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, zai ga farkon jerin dogaronta da idonsa a layin da ya fara da Depends.

Ma'aikata biyu ne ke wannan hidima. Na farko shi ne dpkg, wanda aikinsa kwance ƙunshi da ajiye fayilolinsa a mazauninsu, kuma ba ya zuwa intanet neman komai. Na biyu shi ne apt, wanda yake duba jerin dogaro, ya sauko da abin da babu daga rumbun manhajoji da ke intanet, sannan ya miƙa wa dpkg bisa tsari. Rabin matsalolin da ke ƙasa suna warwarewa da zarar an gane bambancin waɗannan biyun.

Na rubuta umarnin girkawa, sai aka ce mini « Impossible de trouver le paquet ». Ina ƙunshin ya shiga?

A mafi yawan lokuta yana nan a rumbu, kwamfutar ce ba ta da labarinsa. Apt ba ya tambayar rumbu kai tsaye, yana duba kundin sunaye ne da ya ajiye a cikin kwamfutar, kuma a kwamfutar da aka girka wa Ubuntu ba tare da intanet ba wannan kundi kusan fanko yake. A fara da `sudo apt update` (kalmar sudo tana ba umarni ikon mai kula da kwamfuta), a jira ya gama, a sake gwadawa. Wannan umarni ba ya girka komai, kundin kawai yake sabuntawa.

Idan saƙon bai sauya ba, a duba rubutun sunan, domin sunayen ƙunshi da ƙananan baƙaƙe ake rubuta su, kuma sau da yawa sun bambanta da sunan da aka san manhajar da shi; `apt search` tare da wani yanki na sunan zai nuna na gaskiya. Abu na uku shi ne sashen universe na rumbun Ubuntu, inda dubban manhajoji suke, wanda wani lokaci a rufe yake, kuma `sudo add-apt-repository universe` ne ke buɗe shi.

Wani abokina ya ba ni fayil ɗin .deb a kile, na girka da `dpkg -i`, sai ya tsaya da kukan dogaro. Fayil ɗin ne ya lalace?

Da wuya. Dpkg ya kwance ƙunshin, ya ga abokan aikinsa ba su nan, ya bar shi a rataye. A haɗa kwamfutar da intanet a rubuta `sudo apt --fix-broken install`, apt zai sauko da abin da ya rage ya ƙarasa aikin. A gaba kuma a riƙa amfani da `sudo apt install ./sunan-fayil.deb` tun daga farko, kuma kada a manta da ɗigo da karan da ke gaban sunan, domin su ne ke shaida wa apt cewa fayil ne na cikin kwamfuta ba suna daga rumbu ba.

Kuran ya ɗauke ana tsakiyar girkawa, yanzu duk umarnin da na ba apt sai ya ƙi. Sai an yi forma?

Ba sai an yi ba, kuma abin takaici ne yadda ake share kwamfutoci da takardun mutane a kan matsalar da umarni biyu ke gyarawa. Girkawa mataki biyu ce: kwance fayiloli, sannan saita su. Idan wuta ta yanke a tsakani, dpkg yana riƙe da lissafin ƙunshe-ƙunshen da bai gama da su ba, kuma ba zai karɓi sabon aiki ba sai ya rufe tsohon. Umarnin `sudo dpkg --configure -a` yana sa shi ya ƙarasa saita duk abin da ya bari, daga nan a bi shi da `sudo apt --fix-broken install`. Idan an ambaci wani ƙunshi da suna cewa yana cikin mummunan hali, a sake girka shi da `sudo apt install --reinstall` da sunansa.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne idan yankewar ta faɗo daidai lokacin da ake sabunta ƙwayar tsarin, wato Linux kanta, har kwamfutar ta ƙi tashi. A nan ma akwai mafita, domin Ubuntu tana ajiye tsohuwar ƙwaya a gefe. A danna Shift ko Esc lokacin kunnawa har allon GRUB, inda ake zaɓar tsarin da kwamfuta za ta tashi da shi, ya bayyana, a shiga zaɓin « Options avancées », a tashi da sigar da ta gabata, sannan a yi gyaran daga ciki. A watannin zafi, Afrilu da Mayu, lokacin da ɗaukewar wuta ta fi yawa, shawarata ita ce kada a fara babban sabuntawa a kwamfutar tebur da ba ta da na'urar riƙe wuta, kuma a ta hannu a tabbatar batirin ya cika tukuna.

Saƙon « Impossible d'obtenir le verrou » fa?

Wani aiki ne ya riga ku kama ƙofar, kuma galibi shi ne mai sabuntawa ta atomatik da ke tashi jim kaɗan bayan an kunna Ubuntu. Sababbin sigogin apt suna faɗin lamba da sunan aikin da ke riƙe da makullin. A jira ya gama, ko da layin intanet ɗin yana jan ƙafa. Shawarar da ke yawo cewa a goge fayil ɗin makullin, wato lock-frontend, tana da haɗari, domin idan ayyuka biyu suka rubuta a kundin dpkg lokaci guda, lalacewar da za ta biyo baya ta fi jiran ciwo.

An ce mini « Les paquets suivants contiennent des dépendances non satisfaites », kuma `--fix-broken` bai yi magani ba. Me ke faruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a zauna a kanta, domin a nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Abu na farko shi ne a karanta layukan da ke ƙarƙashin saƙon, tunda apt yana faɗin ainihin abin da ya hana shi. Zai ce, alal misali, ƙunshi kaza yana buƙatar libc6, babban laburaren tsarin, siga 2.38 ko sama, amma 2.35 ce ke cikin kwamfutar. Ma'anar wannan ita ce an gina manhajar don sabuwar Ubuntu, alhali kwamfutar tana kan 22.04, wadda da 2.35 ta zo, yayin da 24.04 ta zo da 2.39. Akasin haka ma yana faruwa: tsohuwar manhaja ta nemi libssl1.1, wanda babu shi a rumbun 22.04 saboda an koma OpenSSL 3.

Kowace fitowar Ubuntu ko Debian an gina dubban ƙunshe-ƙunshenta ne don su dace da juna, kuma rikici yana shigowa ne ta ƙofar da mai kwamfuta ya buɗe da hannunsa: rumbun PPA, wato rumbun wani mutum ko ƙungiya ba na asali ba, da aka ƙara shekara biyu da suka wuce aka manta da shi, ko layin rumbun Debian da aka liƙa a cikin Ubuntu, ko fayil ɗin .deb na wata fitowa daban. Umarnin `apt policy` tare da sunan ƙunshin yana nuna sigar da ke girke, da wadda apt ke son girkawa, da rumbun da kowace ta fito. Idan aka ga adireshin da ba na Ubuntu ba, an kama bakin zaren. Ƙarin rumbuna suna zaune a /etc/apt/sources.list.d, kuma manhajar ppa-purge tana cire PPA ta mayar da ƙunshe-ƙunshensa zuwa sigar asali.

Abin da ba a yi shi ne sauko da libc6 na wata fitowa a tura shi da ƙarfi, domin kusan kowace manhaja a kwamfutar a kansa take tsaye, har da apt da dpkg ɗin da za a yi gyara da su. Haka nan ƙara wa dpkg `--force-all` ba ya samar da abin da babu, bakin mai gargaɗin kawai yake rufewa. Hanyoyin da suka dace uku ne: a nemo sigar manhajar da aka gina don fitowar da ake kai, ko a ɗaga tsarin gaba ɗaya zuwa sabuwar fitowa, ko a girka manhajar ta Flatpak ko Snap, waɗanda suke zuwa da kayan dogaronsu a keɓe, kodayake suna cin mega da yawa a saukarwar farko.

Akwai kuma ɗabi'a guda da nake roƙon kowa ya riƙe. Kafin a amsa da O ko Y, a karanta sashen da ke cewa « Les paquets suivants seront ENLEVÉS ». Wani lokaci hanyar da apt ya samo ta warware rikici ita ce cire ubuntu-desktop ko gnome-shell, kuma wanda ya amince bai karanta ba zai sake kunna kwamfuta ya tarar da baƙin allo babu tebur. Idan jerin cirewa ya yi tsawo, a ƙi. Ƙara `-s` a umarnin yana nuna abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba, kuma fayil ɗin /var/log/apt/history.log yana riƙe da tarihin abin da aka girka da abin da aka cire, da ranar da aka yi.

`apt update` yana ba ni 404 a kowane layi, alhali intanet yana aiki.

Mai yiwuwa wa'adin fitowar ya ƙare. Ubuntu, wadda kamfanin Canonical ya fara fitarwa a Oktoban 2004, tana fitowa sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba, kuma lambar tana nuna shekara da wata. Fitowar yau da kullum wata 9 kawai ake kula da ita, sannan a kwashe ƙunshe-ƙunshenta zuwa old-releases.ubuntu.com. Fitowar LTS kuwa, wato mai dogon wa'adi, mai zuwa a Afrilun kowace shekara biyu kamar 22.04 da 24.04, shekara 5 ake kula da ita. A duba da `lsb_release -a`. Ana iya sauya adireshin rumbu zuwa na tsofaffin don a samu damar ɗaga tsarin, amma ba wurin zama ba ne, tunda babu gyaran tsaro da ke zuwa can. Ga mai shago ko ɗalibin da ba ya son yawan saukarwa, LTS ce ta dace.

An ce fayil ɗin Release, wato takardar bayanin rumbu, bai fara aiki ba tukuna, ko takardar shaidar shafi ba ta inganta ba.

A dubi agogon kwamfutar. Tsofaffin kwamfutocin da ake kawowa na hannu sau da yawa ƙaramin batirinsu na cikin allon uwa, mai lamba CR2032, ya mutu, sai kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka kashe su, kuma apt ba ya yarda da sa hannun da a ganinsa daga gaba ya zo. Umarnin `timedatectl` yana nuna lokaci da yanki, namu shi ne Africa/Niamey, kuma `sudo timedatectl set-ntp true` yana daidaita agogon ta intanet. Maganin dindindin shi ne sauya batirin.

« Somme de contrôle de hachage incohérente » kuma fa?

Abin da aka sauko bai yi daidai da abin da rumbu ya ce ya aiko ba, galibi saboda layin ya yanke ko forfe ya ƙare a tsakiya. A share kundin da `sudo rm -rf /var/lib/apt/lists/*`, a kula sosai da rubutun wannan umarni kada tazara ta shiga tsakiyar adireshin, sannan a yi `sudo apt clean` da `sudo apt update`. Yana da kyau a duba `df -h` ma, domin faifan da ya cika yana haifar da kurakurai masu kama da wannan.

Mega yana da tsada, kuma kwamfutoci biyar gare mu a shago. Dole kowace ta sauko da nata?

Ba dole ba ne, muddin fitowarsu ɗaya ce kuma ginin injinsu ɗaya. A kwamfutar da ke da intanet a rubuta `sudo apt-get install --download-only` da sunan manhajar, fayilolin za su taru a /var/cache/apt/archives, a kwashe su a kile, a kai ɗayar, a shiga jakar a rubuta `sudo apt install ./*.deb`. A lura cewa umarnin apt yana goge fayilolin bayan ya gama girkawa, apt-get kuwa yana barin su. Matsalar wannan hanya ita ce kwamfuta ta farko ba za ta sauko da abin da take da shi tuni ba, wanda wataƙila ta biyun ba ta da shi. Manhajar apt-offline ta magance wannan: kwamfutar da ba ta da layi tana rubuta jerin buƙatunta a ƙaramin fayil, a kai shi inda intanet yake a sauko da kayan, a dawo da su.

Ga siber ko ɗakin kwamfuta na makaranta, apt-cacher-ng ya fi komai amfani. Ana girka shi a kwamfuta ɗaya, sauran su riƙa bi ta kanta a ƙofa mai lamba 3142, ta yadda duk ƙunshin da aka sauko sau ɗaya ba za a sake biyan kuɗinsa ba. Kuma idan layi ya yanke ana cikin saukarwa, kada a damu, apt yana ajiye guntun ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Manhajar ta girku, amma da na buɗe ta sai ta ce ba ta ga wani fayil mai ƙarewa da .so ba.

Wannan ya fi faruwa da manhajojin da aka sauko a matse aka kwance da hannu, waɗanda apt bai san da zamansu ba. Umarnin `ldd` tare da adireshin manhajar yana jera laburaren da take nema, ya rubuta « not found » a gaban waɗanda babu. Don sanin ƙunshin da ke ɗauke da fayil ɗin, a girka apt-file, a yi `sudo apt-file update`, sannan `apt-file search` da sunan fayil ɗin. Fayilolin AppImage, wato manhajojin da ke zuwa a fayil guda ana buɗe su ba tare da girkawa ba, da yawansu suna neman libfuse.so.2, wanda ke cikin ƙunshin libfuse2 a Ubuntu 22.04, a 24.04 kuma sunansa libfuse2t64.

Masu harhaɗa manhaja daga rubutunta na asali su kuma fayiloli masu ƙarewa da .h ne ke ɓace musu. Suna buƙatar build-essential, da ƙunshin laburaren mai ƙarewa da -dev, kamar libssl-dev ko zlib1g-dev. A irin wannan aiki kuskuren farko da ya fito shi ne na gaskiya, ɗaruruwan layukan da ke biye da shi ƴaƴansa ne.

Pip, mai girka laburaren harshen Python, ya ƙi girka mini komai, yana cewa « externally-managed-environment ».

Da gangan aka yi haka tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, duka a 2023, domin kayan aikin tsarin da dama da Python aka rubuta su, kuma pip yana iya sauya musu laburare a ƙarƙashinsu. A girka python3-venv, a shiga jakar aikin a rubuta `python3 -m venv env`, sannan `source env/bin/activate`, daga nan pip zai yi aiki a cikin wannan keɓaɓɓen wuri. Ɗalibai su saba da yin haka ga kowane aiki, su kuma guji `sudo pip`, kuma kada a taɓa cire python3 ɗin da ya zo da tsarin don a sa wani.

Kwamfutata tsohuwa ce, ƙunshin ya ce na amd64 ne, tsarina kuma i386.

Tsarin mai bit 32 ne, manhajar kuma ta bit 64. A rubuta `lscpu` a duba layin da ke nuna yanayin aikin injin, domin kwamfutoci da yawa na zamanin Core 2 Duo suna iya ɗaukar bit 64, tsarin da aka sa musu ne kawai na 32, kuma sake girka na 64 zai buɗe musu ƙofa. Idan injin da gaske na 32 ne, Ubuntu ta daina yi masa faifan girkawa, amma Debian 12 tana da shi.

Ni Windows nake amfani da shi, kuma ana ce mini VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ya ɓace.

Ciwon ɗaya ne, sai dai Windows ba ya zuwa nemo abin dogaro da kansa. Waɗannan fayiloli biyu suna cikin Microsoft Visual C++ Redistributable na 2015 zuwa 2022, wanda ake saukowa kyauta daga shafin Microsoft. A girka na x64 da na x86 duka, domin manhaja mai bit 32 tana neman na x86 ko da Windows ɗin na 64 ne. Tsofaffin manhajojin lissafin kuɗi da na makarantu kuma sukan nemi .NET Framework 3.5, wanda ake kunnawa daga « Activer ou désactiver des fonctionnalités Windows ». Ina gargaɗi da babbar murya a kan shafukan da ke raba fayilolin DLL ɗai-ɗai, domin ba a san wanda ya taɓa fayil ɗin ba, kuma hanya ce sananniya ta shigar ƙwayar cuta.

Masu Windows 7 su san cewa Microsoft ta daina kula da shi tun 14 ga Janairun 2020, Chrome ta tsaya masa a siga 109, Python kuma a 3.8, saboda haka sabuwar manhajar da ta ƙi girkuwa a kansa ba wani fayil da za a ƙara ta yarda. Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a 14 ga Oktoban 2025.

Na gwada duk wannan ban dace ba. Yaya zan nemi taimako a amsa mini?

A aiko da abubuwa huɗu: sakamakon `lsb_release -a`, da umarnin da aka rubuta harafi da harafi, da saƙon kuskuren gaba ɗayansa, da abin da aka yi wa kwamfutar kafin matsalar ta fara, ko da abin yana da nauyin faɗa, kamar ƙara rumbu ko goge wani fayil. A kwafo rubutun a liƙa maimakon ɗaukar hoton allo da waya, domin hoton yakan yanke layin da ake buƙata, kuma a taminal ana kwafa ne da Ctrl da Shift da C. Idan za a bincika saƙon a intanet, a sa `LC_ALL=C` a gaban umarnin, kamar `sudo LC_ALL=C apt update`, saƙon zai fito da Ingilishi, wanda amsoshinsa suka fi yawa. Kafin a kwafi kowane umarni daga amsar da aka samu, a duba shekarar da aka rubuta ta da fitowar da take magana a kai, kuma idan za a kai kwamfutar wajen mai gyara, a kwashe takardu da hotuna a kile ko wani faifai kafin ta bar gida.